Jirgin ruwa mai tuƙa kansa: yadda yake zaɓar hanya da kauce wa karo, da abin da ke jiransa a mashigin Libreville

Duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma a bakin ruwa a Libreville ya san wannan kallon. Can nesa manyan jirage sun tsaya suna jiran izinin shiga tashar Owendo, nan kusa kwale-kwalen masunta na fita kamun dare, ga kuma ƙananan jiragen da ke kai mutane Pointe Denis suna ratsawa ta tsakani. Jirgin da ya zo ɗaukar manganiz na Moanda, wanda jirgin ƙasa na Transgabonais ke saukewa a Owendo, yakan kai kusan mita 200 a tsawo. Kwale-kwalen da ke gilmawa gabansa bai fi mita goma ko sha biyu ba.

Har yanzu mutum ne ke raba tsakanin waɗannan biyun: jami'in da ke tsaye a ɗakin tuƙi, da jagoran tasha da ke hawa jirgi don shigar da shi, da masuncin da ke riƙe da injin. Amma kamfanoni a Norway da Japan da Koriya ta Kudu da China da Amurka sun yi nisa wajen ƙera na'urorin da za su karɓi wannan aiki, wato su zana wa jirgi hanya da kansu, su kuma kauce wa duk abin da ya shiga gabansa. Maganar ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin kayan da ake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët ta Owendo suke shigowa, masu zuwa Port-Gentil da dama ta ruwa suke bi, kuma masuntan gaɓar Gabon akasarinsu 'yan Najeriya da Benin da Ghana ne.

Aiki biyu ne, ba ɗaya ba

Tuƙi da na'ura tsohon abu ne. Tun farkon shekarun 1920 kamfanin Ba'amurke Elmer Sperry ya fara sa wa jirage na'urar da ke riƙe akala a kan layin da aka saita mata, kuma a 1922 injiniya Nicolas Minorsky ya wallafa lissafin yadda za a yi hakan, bayan ya lura da yadda ƙwararren matuƙi ke juya sitiyari. Wannan na'ura makauniya ce: idan aka ce mata kudu, kudu za ta nufa, ko da akwai dutse a gaba.

Abin da ake so yanzu ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne tsara hanya tun kafin a tashi. Kwamfuta na ɗaukar taswirar teku ta yanka ta zuwa dubban ƙananan gidaje, kamar na dara, ta ba kowane gida farashi. Inda ruwa ba shi da zurfin da zai ɗauki jirgin, an rufe gidan. Inda igiya ke taimakawa, farashi ya ragu; inda ake hasashen guguwa, ya ƙaru. Daga nan sai ta nemo jerin gidajen da ya fi araha daga tashar tashi zuwa tashar sauka. Tushen lissafin shi ne wanda Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya wallafa a 1959, da kuma wanda ake kira A*, da masana uku suka fitar a Amurka a 1968. Dangin wannan lissafi ne ke nuna maka hanya a taswirar wayarka.

A ruwan Gabon gidajen da ake rufewa ko tsadantarwa suna da yawa. Dokar teku ta duniya ta ba ƙasa damar killace har mita 500 kewaye da kowane dandamalin haƙar mai, kuma yankin Port-Gentil da Cap Lopez cike yake da su. A 2017 Gabon ta ayyana wuraren kariya 20 a teku, waɗanda suka haɗe kusan kashi 26 cikin 100 na ruwanta, kowanne da ƙa'idarsa. Sannan a cikin mashigin kogin Komo zurfin ruwa na canzawa da cikowa da janyewar teku, saboda haka hanyar da ta yi daidai da asuba ba lalle ta yi daidai da hantsi ba. Duk da haka wannan kashi shi ne mai sauƙi, domin dutse da tudun yashi ba sa canza shawara.

Kashi na biyu shi ne kauce wa abin da ke motsi, a cikin 'yan mintoci, kuma nan gizo ke saƙa.

Dokar hanya ta teku

Teku ba shi da layin fenti, amma yana da dokar hanya. Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, wadda ake kira OMI da Faransanci, ta amince da ita a 1972, ta fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977. Ma'aikatan ruwa na kiranta COLREG, masu Faransanci kuma RIPAM. Jigonta kaɗan ne. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna gaba da gaba, kowanne ya karkata dama. Idan hanyoyinsu za su giciye, wanda yake ganin ɗan'uwansa ta damansa shi ne zai ba da hanya, ya kuma guji ratsawa ta gabansa. Ɗayan ya riƙe layinsa da gudunsa. Mai wuce wani daga baya shi ke da alhakin kaucewa. Da dare fitilu ne ke magana: ja a hagu, kore a dama, fari a sama da baya. Wanda ya hangi ja da kore a lokaci guda ya san jirgin kansa ya nufo.

Mai karatu zai ce ai wannan kwamfuta za ta haddace cikin ƙiftawar ido. Haka ne. Matsalar ita ce an rubuta dokar don mutane. Ta ce a kauce da wuri, bai ce minti nawa ba. Ta ce juyawar ta zama babba yadda ɗayan jirgin zai gane ta, ba ta ce digiri nawa ba. Ta ce a wuce da tazara mai aminci, a yi gudu mai aminci, ba ta ba da lamba ba. Tsohon matuƙi ya san amsar ba tare da awo ba, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na'ura kuwa sai an rubuta mata lamba, kuma lambar da ta dace a tsakiyar Atlantika za ta hana jirgi motsi gaba ɗaya a bakin Owendo. Bayan haka akwai doka ta 2, wadda ta ce idan haɗari ya matso ana iya barin ƙa'idojin don tsira, ta kuma ɗora wa matuƙi bin abin da al'adar ma'aikatan ruwa ta sani. Har yau masu rubuta manhaja na fama da yadda za su mayar da wannan zuwa lissafi. Ƙari a kan haka, an tsara yawancin ƙa'idojin a kan jirage biyu. Idan huɗu suka haɗu, jirginka na iya zama mai ba da hanya ga wannan, kuma mai riƙe layi ga wancan, a lokaci guda.

Yadda na'ura ke gane haɗari

Dabarar asali kowane masunci zai iya amfani da ita. Ka dubi jirgin da ke zuwa, ka daidaita shi da wani abu a jikin naka, kamar bakin kwale-kwale. Idan ka riƙe layinka kuma ya ci gaba da zama a wuri ɗaya yana ƙara girma, to karo za ku yi. Idan yana zamewa gaba ko baya, za ku saɓa.

Kwamfuta wannan take yi da lambobi. Daga inda ɗayan jirgin yake da gudunsa da inda ya dosa, takan fitar da abu biyu: tazara mafi kusa da za ta kasance tsakaninku idan babu wanda ya canza, da mintocin da suka rage kafin a kai can. A allon jirgi ana rubuta su CPA da TCPA. Sannan takan zana wa kowane jirgi wani da'ira mai tsawo ta gaba, haraminsa, wanda ba a so kowa ya shiga. Masanan Japan Fujii da Tanaka ne suka fara auna wannan a 1971 daga yadda jirage ke tafiya a ruwan ƙasarsu. Daga nan sai ta gwada ɗaruruwan zaɓi a cikin daƙiƙa: idan na juya dama digiri 20 fa, idan 40, idan na rage gudu? Ta zubar da duk wanda zai kai ta haramin wani, ta zubar da wanda ya saɓa wa doka, ta ɗauki wanda ba zai nisanta ta da hanyarta ba. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake lissafin daga farko. Sababbin manhajoji na ƙara ƙirƙirarriyar basira da aka horar da ita da miliyoyin haɗuwa na gwaji a cikin kwamfuta, sai dai hukumomi na ɗari-ɗari da su, don ba kullum ake iya bayyana dalilin da ya sa suka zaɓi abin da suka zaɓa ba.

Dole lissafin ya san nauyin jirgin. Babban jirgi ba shi da birki. Ma'aunin IMO ya yarda jirgi ya ci tazarar da ta kai ninki 15 na tsawonsa kafin ya tsaya cak, ko da an mayar da injin baya da ƙarfinsa duka. Ga jirgi mai mita 200, kilomita uku ke nan.

Akwai hujja mai ƙarfi ta ba na'ura wannan aiki, kuma tarihi ne ya kawo ta. A daren 25 ga Yuli 1956, cikin hazo kusa da gaɓar Amurka, jirgin fasinja na Italiya Andrea Doria da na Suwidin Stockholm sun hangi juna a rada tun da nisa. Ɗaya ya juya hagu, ɗaya ya juya dama, suka haɗu. Mutum 51 suka mutu. A Nuwamba 2018 jirgin yaƙin Norway Helge Ingstad ya yi karo da jirgin dakon mai Sola TS, domin masu tsaronsa sun ɗauki fitilun jirgin man a matsayin wani abu da ke tsaye kusa da gaɓa. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta gajiya da ƙarfe huɗu na dare, ba ta kuma manne wa zaton da ta fara yi.

Inda aka kai

A Disamba 2018 wani jirgin fito mai suna Falco ya yi tafiya tsakanin Parainen da Nauvo a Finland, ya kauce wa jirage ya kuma tsaya a tasha da kansa. A Fabrairu 2022 jirgin kwantena Suzaku ya je ya dawo tsakanin mashigin Tokyo da na Ise, kimanin kilomita 790, a ɗaya daga cikin ruwan da ya fi cunkoso a duniya. A tsakiyar shekarar jirgin dakon iskar gas Prism Courage ya tashi daga Texas zuwa Koriya ta Kudu cikin kwana 33, na'ura ce ta tuƙa kusan rabin tafiyar. Yara Birkeland na Norway, mai mita 80 da ke aiki da batir, yana ɗaukar kwantena 120 na takin zamani daga Porsgrunn zuwa Brevik. An ƙera shi don ya yi tafiya ba kowa, amma da ma'aikata ya fara aiki a 2022. A duk waɗannan akwai mutane a ciki ko a wani ɗaki a tudu suna kallo, hannunsu kusa da maɓalli.

Waɗanda ke tafiya ba kowa da gaske ƙanana ne, na binciken teku da na soja. Labarin Mayflower, mai mita 15, ya fi kowanne koyarwa. Ya tashi daga Plymouth ta Ingila a 2021 ya komo saboda lalacewar inji. Ya sake tashi a 2022, ya ratse tsibiran Azores don gyara, daga ƙarshe ya isa Halifax ta Kanada a watan Yuni maimakon Amurka da ya nufa. Ƙwaƙwalwar ba ta ɓata hanya ba. Ƙarfe da waya ne suka gaza, kuma babu mai riƙe sifana a ciki.

Abin da idonta ba ya gani

Lissafi komai kyansa ba ya kauce wa abin da bai san da shi ba. Ido uku na'ura take da su, kuma kowanne na da lahani a ruwa irin na Gabon.

Na farko shi ne AIS, wata rediyo da ke shelanta sunan jirgi da inda yake da gudunsa a kai a kai. Tun ƙarshen 2004 wajibi ce ga jiragen da girmansu ya kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, da kuma jiragen fasinja da dokar ta shafa. Ita ce abincin da manhajojin kauce wa karo suka fi so, don bayaninta a shirye yake. Amma dokar duniya ba ta tilasta wa kwale-kwale ɗaukar ta ba. Masu satar kifi sukan kashe ta; farautar irinsu ce ta sa Gabon ta fara sintiri tare da ƙungiyar Sea Shepherd a 2016. Kuma ƙa'ida ta yarda kyaftin ya kashe ta idan yana tsoron 'yan fashin teku, tsoron da ba na banza ba ne a nan: a Disamba 2019 'yan fashi sun afka wa jirage huɗu da ke tsaye a gaban Libreville, suka kashe wani kyaftin ɗan Gabon, suka sace 'yan China huɗu. Shi kansa Helge Ingstad ba ya watsa AIS a daren da ya yi karo.

Na biyu rada ce. Tana aika igiyar rediyo ta jira ta dawo, kuma ƙarfe ne ke mayar da ita da kyau. Katako da roba da ke kwance dab da ruwa kusan ba sa mayar da komai, ɗan abin da suka mayar kuma yakan ɓace cikin hayaniyar raƙuman ruwa. Ruwan sama ma na cika allon da ɗigo-ɗigo, kuma Libreville na samun kusan milimita 2,900 a shekara. Idan aka rage ƙarfin gani don share hayaniyar, an share kwale-kwalen tare da ita.

Na uku kyamara ce, ta rana da ta zafin jiki, tare da manhajar da ke gane siffofi. A nan ne fata yake, a nan ne kuma ya kamata a yi tambaya. Manhaja abin da aka nuna mata take ganewa. Wadda ta koyi aiki da hotunan jiragen shaƙatawa na Turai sai an sake koya mata dogon kwale-kwale mara fitila, da taru mai tsawon ɗaruruwan mitoci da jarkoki ne kaɗai alamarsa, da gungumen okoumé da ke yawo rabinsa a nutse, irin waɗanda suka cika rairayin gaɓar Gabon tun zamanin da ake turo katako ta kogi. Daga Yuli zuwa Satumba kuma manyan dabbobin tekun da Faransawa ke kira baleine à bosse na zuwa haihuwa a wannan gaɓa, ba su da rediyo, ba su san dama da hagu ba.

Ko an gan shi ma, masunci ba ya tafiya yadda lissafi ke zato. Yakan tsaya, ya juya, ya ruga gaban jirgi don ya kare tarunsa. Jagoran tasha da ya shekara ashirin a mashigin ya san haka, yana karanta niyyar mutum daga yadda ya zauna. A yankin da ake fashi akwai wata tambayar: ƙaramin jirgi mai gudu da ya nufo ka, a ba shi hanya ne ko a tsere masa? Sannan duk tsarin ya dogara da GPS, wadda ake iya toshewa ko yaudara. A Yuni 2017 jirage sama da 20 a Baƙin Teku sun ga na'urorinsu na nuna musu cewa suna filin jirgin sama, a tudu.

A ganina, saboda haka, abin da zai fara amfanar ruwa irin namu shi ne na'urar da ke taya mutum gani, ta yi masa ƙara idan ta hangi abu, ta ba shi shawara. Jirgin da babu kowa a cikinsa zai daɗe bai dace da bakin Owendo ba.

Doka da alhaki

IMO ta raba irin waɗannan jirage mataki huɗu: mai ma'aikata da na'ura ke taimaka wa, wanda ake sarrafawa daga nesa amma da mutane a ciki, wanda ake sarrafawa daga nesa ba kowa a ciki, da mai yanke shawara da kansa. A 2021 ta kammala bitar dokokinta don ganin inda suka ci karo da wannan sabon abu, kuma a jadawalin da ta fitar a ƙarshen 2024 ta sa 2026 don kundin da ba na tilas ba, da 1 ga Janairu 2032 don fara aikin na tilas. Tambayoyin da ke gabanta manya ne. Doka ta 5 ta ce a yi tsaro da ido da kunne. Shin kyamara da makirfo sun wadatar? Wane ne kyaftin idan babu kowa a ciki? Idan aka take kwale-kwale, wa iyalan za su kai ƙara: mai jirgi, mai manhaja, ko wanda ke zaune gaban allo a wata nahiya? Sannan wajibi ne ga kowane jirgi ya ceci wanda ya gani cikin haɗari a teku, kuma jirgin da ba shi da hannu ba ya jawo mutum daga ruwa.

Mutanen Libreville sun san nauyin wannan ta ƙarshe. A daren 8 zuwa 9 ga Maris 2023 jirgin fasinja Esther Miracle ya nutse a hanyarsa ta zuwa Port-Gentil. Alƙaluman hukuma sun ce an ceto 124, an samu gawa 30, ba a ga bakwai ba, kuma ministan sufuri ya ajiye aiki bayan mako guda. Ba karo ya yi ba, ruwa ne ya shige shi. Babu manhajar tsara hanya da ke toshe ɓula, kuma waɗanda suka tsira mutane ne suka tsamo su.

Ga mai kwale-kwale, abin da dokar ta tanada bai canza ba, ko mutum ke tuƙa babban jirgin ko na'ura. A buɗaɗɗen teku jirgi mai inji ne ke kauce wa mai kamun kifi, amma a cikin ƙunƙuntar hanya irin ta shiga tasha doka ta 9 ta juya lamarin: jirgin da bai kai mita 20 ba, da mai kamun kifi, kada su tare wa babban jirgin da ba zai iya fita daga hanyar ba. A Afirka, mai shigowa daga teku yana barin jar alama a hagunsa, koriya a damansa, kuma tsakaninsu nan ne hanyar manya. Ƙa'idar ƙera jirage ta yarda a samu makahon wuri a gaban jirgi har ninki biyu na tsawonsa ko mita 500, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Jirgin da ke gudun kilomita 26 a awa yana cinye mita 500 cikin daƙiƙa 70. Ƙaramin jirgi mai inji da bai kai mita 12 ba ana so ya ɗaga farar fitila da ake gani ta kowane ɓangare, tare da ja da kore na gefe. Faifan ƙarfe mai kusurwoyi da ake ɗaurawa a kan sanda, wanda ake kira réflecteur radar, yana sa rada ta fi ganin katako, kuma gwargwadon tsawon sandar gwargwadon nisan da za a hange shi. Idan kuma babban jirgi ya busa ƙaho gajere sau biyar ko fiye a jere, ma'anarsa bai gane abin da kake nufin yi ba, kuma yana shakkar ko kana kaucewa yadda ya kamata.